Halatta tabar wiwi da haɗuran mota: Abin da kanun labarai ba sa faɗa

A watan Afrilun 2017, wani labari ya karaɗe kafafen yaɗa labaran Amurka: wai a karon farko, direbobin da ke mutuwa a hanya da ƙwaya a jikinsu sun fi waɗanda ke mutuwa da barasa yawa.

Labarin ya samo asali ne daga rahoton wata ƙungiyar ofisoshin kiyaye haɗura na jihohin ƙasar, GHSA. Rahoton ya ce a cikin direbobin da suka rasu a shekarar 2015 kuma aka gwada su, an samu ƙwaya a jikin kashi 43 cikin 100, an samu barasa a jikin kashi 37 cikin 100.

Da yake lokacin ana tsakiyar muhawarar halatta tabar wiwi, nan da nan mutane da dama suka ɗora laifin a kanta.

Sai dai akwai abubuwan da kanun labaran suka tsallake. Wannan kashi 43 ya haɗa kowane irin magani da ƙwaya, har da waɗanda likita ke rubuta wa majinyaci. Direbobin da aka yi wa gwajin ƙwaya ma kashi 57 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka rasu. Sannan samun ƙwaya a jikin mutum ba ya nufin yana cikin maye a lokacin da motar ta ƙwace masa.

Wannan ruɗani shi ya dabaibaye rahotannin wiwi da tuƙi sama da shekara goma ke nan, tun daga Amurka har Kanada da Jamus.

Yadda aka faro

A watan Nuwamban 2012 ne masu zaɓe a jihohin Kolorado da Washington na Amurka suka amince, ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, cewa wanda ya kai shekara 21 zai iya shan wiwi don nishaɗi.

Ranar 1 ga Janairun 2014 shagunan farko suka buɗe a Kolorado. 'Yan jarida daga ƙasashe daban-daban suka cika birnin Denver suna ɗaukar hotunan dogayen layukan masu saye cikin sanyi. Jaridar Denver Post ta riga ta naɗa edita na musamman kan harkar wiwi kaɗai.

A makonnin farko, abin da ya fi ɗaukar hankalin manema labarai shi ne ciniki da kuɗin haraji da gwamnatin jihar za ta tara. Batun hanya ya biyo baya, kuma da ya zo, sai ya raba kan kafafen gida biyu.

A watan Agustan 2014 wani marubucin sharhi a jaridar Washington Post ya rubuta cewa mace-macen hanya a Kolorado sun yi ƙasa sosai tun bayan halattawar. Masu goyon baya suka yi ta yaɗa rubutun. Amma watanni bakwai kacal da buɗe shaguna ba su isa a yanke hukunci ba. Mace-macen da ba su kai 500 ba a 2014 sun haura 600 a 2016.

Sai masu adawa su ma suka ɗauki wannan adadi suna cewa ga sakamako nan. Su kuma abin da suka ƙi ambata shi ne, a shekarun 2015 da 2016 mace-macen hanya sun ƙaru a faɗin Amurka baki ɗaya, har a jihohin da wiwi ke haramce. Yawan jama'ar Kolorado ma yana ƙaruwa a lokacin, haka ma yawan motocin da ke hanya.

Me ya sa gwajin wiwi ya bambanta da na barasa?

A nan ne gizo ke saƙar.

Barasa na narkewa a ruwa, tana bazuwa a jini, kuma yawanta a jini na tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsananin buguwa. Shi ya sa ɗan sanda zai iya ba direba na'ura ya hura, a samu adadin da kotu za ta yarda da shi. A mafi yawan jihohin Amurka iyakar ita ce 0.08.

Sinadarin da ke bugarwa a wiwi, wato THC, a kitse yake narkewa. Idan mutum ya zuƙa, sinadarin kan yi sama a jininsa cikin 'yan mintuna, sannan ya faɗi da sauri cikin awa ɗaya zuwa biyu, alhali mayen na iya ɗaukar awa uku zuwa huɗu ko fiye.

Ke nan direban da ya yi haɗari cikin maye, idan aka ɗauki lokaci kafin a kai shi asibiti a ɗebi jininsa, ana iya samun sinadarin kaɗan ne ya rage.

A ɗaya ɓangaren, wanda ya saba sha kullum, kitsen jikinsa na ajiye sinadarin yana sakinsa a hankali. Ana iya samun THC a jininsa kwanaki bayan ya daina sha, idonsa kuwa garau. A fitsari ma, ɓurɓushin da ba ya bugarwa kan kai makonni.

Ga kuma wadda ake sakawa a alewa da biskit. Ita mayenta ba ya tashi sai bayan minti 30 zuwa awa biyu. Mutum zai iya ci ya shiga mota yana jin lafiyarsa ƙalau, sai yana tsakiyar titi ta kama shi.

Hukumar kiyaye haɗura ta tarayyar Amurka, NHTSA, ta yi gargaɗi tun a 2014 cewa alƙalumanta na gwajin ƙwaya a haɗuran da aka rasa rai ba sa nuna ko direba na cikin maye. A 2017 ta shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa yawan THC a jini ba ma'auni ba ne mai inganci na tsananin maye.

Irin wannan bayani ba ya shiga kanun labari mai kalma goma, don haka sau da yawa a can ƙasan rahoto ake samunsa, idan ma an saka shi.

Rahoto ɗaya, labari biyu

A watan Mayun 2016, gidauniyar bincike ta ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta fitar da sakamakon da aka yi ta yayatawa. A jihar Washington, direbobin da suka yi mummunan haɗari kuma aka samu THC a jininsu sun tashi daga kashi 8 cikin 100 a 2013 zuwa kashi 17 a 2014.

A daidai wannan lokaci, gidauniyar ta kuma ce dokokin da ke ƙayyade wani adadi na THC a jini a matsayin hujjar maye ba su da tushe a kimiyyance. Za su iya ɗaure wanda ba ya cikin maye, su saki wanda ya bugu.

Masu adawa da halattawa suka riƙe sakamakon farko. Masu goyon baya suka riƙe na biyu. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

Haka aka sake yi a watan Yunin 2017. Cibiyar bincike ta kamfanonin inshorar motoci ta ce buƙatun biyan diyyar karo sun ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100 a Kolorado da Washington da Oregon. A daidai lokacin, wani bincike a mujallar American Journal of Public Health ya ce bai ga wani bambanci mai ma'ana ba a mace-macen hanya tsakanin Kolorado da Washington da wasu jihohi masu kama da su, cikin shekara uku da halattawa.

Mai karatu zai ɗauka ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Alhali ɗaya yana ƙirga motocin da suka lotse ne, ɗayan yana ƙirga gawarwaki.

To, babu haɗari ke nan?

Akwai, kuma masana ba sa jayayya a kan haka.

Gwaje-gwajen da aka yi da na'urorin koyon tuƙi da kuma a kan titi sun nuna wanda ya sha wiwi yakan yi jinkirin taka burki, yakan karkace daga layinsa, kuma yakan kasa kula da abu biyu a lokaci guda.

Wani nazari da mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta wallafa a 2012 ya ce tuƙi jim kaɗan bayan shan wiwi na kusan ninka yiwuwar yin haɗari. Wasu masu bincike biyu 'yan ƙasar Norway sun sake bibiyar alƙaluman a 2016, suka ce ƙarin bai kai haka ba, amma yana nan. A 2017 kwamitin manyan masana kimiyya na Amurka ya ce akwai ƙwararan hujjoji da ke danganta shan wiwi da ƙaruwar haɗarin mota.

Idan aka kwatanta, binciken da NHTSA ta yi a birnin Virginia Beach ya nuna direban da barasar jininsa ta kai 0.08 ya ninka wanda bai sha ba kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari. Wanda ya kai 0.15 kuwa kusan sau 12.

Wannan kwatanci ne masu kare wiwi ke fakewa da shi su ce ba ta da illa. Amma abin da bai kai barasa muni ba ai bai zama ruwan sha ba. Mafi muni ma shi ne haɗa su biyun, domin kowane na ƙara wa ɗayan ƙarfi.

Akwai kuma masu shan da ke cewa wiwi na sa su tuƙa a hankali. Tafiya a hankali ba ta dawo wa direba da daƙiƙar da ya rasa lokacin da yaro ya faɗo titi. Domin kawar da irin wannan tunani ne ma'aikatar sufuri ta Kolorado ta fara tallace-tallace a talabijin tun 2014, tana tunatar da jama'a cewa tuƙi cikin mayen wiwi laifi ne daidai da na barasa.

Abin da Kanada da Jamus suka yi

Kanada ta halatta wiwi a faɗin ƙasar ranar 17 ga Oktoban 2018, bayan Uruguay da ta yi tata dokar a 2013. Da yake ta ga abin da ya faru a maƙwabciyarta, sai ta riga ta tsaurara dokar tuƙi.

Wanda aka samu da nanogiram 2 zuwa ƙasa da 5 na THC a kowace mililita ta jini cikin awa biyu da yin tuƙi zai iya biyan tarar da ta kai dalar Kanada 1,000. Daga nanogiram 5 zuwa sama babban laifi ne, kuma wanda ya maimaita zai sha ɗauri. An kuma bai wa 'yan sanda na'urar gwada yawu a bakin hanya.

Kimanin awa ɗaya da fara aiki da dokar halattawar, 'yan sandan birnin Winnipeg suka ci tarar wani saboda shan wiwi a cikin mota. Labarin ya zagaya duniya a matsayin abin dariya.

Binciken da ya fi muhimmanci bai samu irin wannan yayatawa ba. A watan Janairun 2022, mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon gwajin jinin direbobin da aka kai asibitoci a lardin British Columbia bayan haɗari. Waɗanda ke da nanogiram 2 ko fiye sun tashi daga kashi 3.8 cikin 100 kafin halattawa zuwa kashi 8.6 bayanta. Masu nanogiram 5 ko fiye sun tashi daga kashi 1.1 zuwa 3.5.

Darajar wannan bincike ita ce tsari ɗaya aka bi wajen gwaji kafin dokar da bayanta, don haka ba za a ce yawan gwaji ne ya kawo ƙarin ba. Duk da tsauraran dokoki, masu hawa titi bayan sun sha sun ƙaru.

Jamus ta halatta wa manya mallakar ɗan ƙaramin adadi daga 1 ga Afrilun 2024. A watan Agustan shekarar ta sanya iyakar nanogiram 3.5, da tarar yuro 500 da hana tuƙi na wata ɗaya ga wanda ya ƙetare. Sabbin direbobi da 'yan ƙasa da shekara 21 kuwa an hana su sha kwata-kwata idan za su tuƙa.

Washington ta ce 5, Kanada ta fara daga 2, Jamus ta tsaya a 3.5. Sinadari ɗaya, jikin ɗan Adam ɗaya, amma adadi uku. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa 'yan majalisa ne suka zaɓi adadin, kimiyya ba ta kammala aikinta ba.

Idan labarin ya iso wayarka

A Najeriya wiwi na nan a haramce. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne ke shanta a ƙasar. Marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya taɓa neman a ba da damar nomanta domin magani, amma shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, ya sha bayyana adawa da halatta ta.

Duk lokacin da wannan muhawara ta taso, ɓangarorin biyu kan ari alƙaluman ƙasashen waje, kuma sukan iso Facebook da WhatsApp a taƙaice: ko dai "Turawa sun halatta, ba abin da ya faru", ko kuma "haɗura sun ninka".

Kafin ka tura wa wani, akwai tambayoyin da ya kamata ka yi. An ce direban na cikin maye ne, ko dai an samu sinadarin a jikinsa kawai? Mutum nawa aka gwada, kuma da haka ake gwadawa a baya? Akwai barasa a tare? Me ya faru a wuraren da ba a halatta ba a wannan shekarar? Wa ya fitar da rahoton, kuma me zai samu idan aka yarda da shi?

Sannan akwai abin da galibi kan faɗi a hanya kafin labarin ya iso. Daga Kolorado har Jamus, babu inda dokar da ta ba mutum damar sha ta ba shi damar riƙe sitiyari a buge. Fasinjan da ya ga direba na zuƙa a bayan tasha ba ya buƙatar sakamakon gwajin jini kafin ya sauke jakarsa ya jira wata motar.