Kwalliya bayan shekara 40: Abin da iyayenmu da yayyenmu na zango za su sabunta, da wanda za su ajiye

Duk ƙarshen mako, daga Anloga zuwa Aboabo, Asawase da Sawaba, da wuya a rasa gidan da aka kafa rumfa, ko ta aure ko ta suna. Wanda ya tsaya ya lura zai ga cewa matan da ke riƙe da bikin, masu tsaye a kan tukunya, masu karɓar baƙi da rabon goro, yawancinsu 'yan shekara 40 ne zuwa 55. Su ne kuma suka fi kowa sakaci da kansu. Wata ta jingine ado gaba ɗaya, tana cewa ai ta aurar da 'ya, me ya rage. Wata kuma tana nan kan man da take shafawa tun tana amarya, fatar ta daɗe tana kuka amma ba a saurare ta ba.

Duka biyun akwai gyara. Jiki yana canzawa a waɗannan shekaru, don haka abin da ake yi masa ma sai ya canza. Kuma a garin da muke 'yan tsiraru, inda ake gane Musulma tun daga nesa da mayafinta, tsafta da kamala suna magana a madadinmu kafin mu buɗe baki. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Ghana, kuma a Anloga muna zaune ne kafaɗa da kafaɗa da Ewe da Asante da sauran maƙwabta.

Abin da ke faruwa da jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 da 55. A wannan lokaci sinadarin estrojin yana raguwa, shi ne kuwa ke taimaka wa fata ta riƙe ruwa da taushi. Shi ya sa Hajiya za ta ga fatarta ta fara bushewa da ƙaiƙayi, gashi ya yi ƙaranci, ga zafin da ke taso wa mutum ba zato, ga gumin dare. Idan hunturu ya shigo a Disamba zuwa Fabrairu, abin sai ya ninka: leɓe ya tsage, kaushi da faso su kama dunduniya.

Wannan ba jifa ba ne, ba kuma sammun kishiya ba. Halitta ce, kowace mace da Allah ya ja kwananta za ta bi ta nan. Gyaran farko ma ba ya cin kuɗi sosai. A rage wanka da ruwa mai zafin gaske. A rage dirza da soso mai kaushi. Sabulun salo, wanda maƙwabtanmu ke kira alata samina, yana wanke jiki tas, amma yana da ƙarfi, ga busasshiyar fata bai kamata a bar shi ya jima a fuska ba. Sannan a shafa mai tun jiki na da ɗan danshi, kafin ya bushe ƙarau. Man kaɗe da ake kawowa daga Tamale, Wa da Bolgatanga, wanda kamfanonin Turai ke saye su zuba a kwalba su sayar da tsada, ga shi nan a Kejetia da kasuwar Asawase a farashin talaka.

Maganar bilicin

A nan ne matsalar ta fi girma, kuma dole a faɗe ta ko da ba daɗi. Tun watan Agusta na 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, FDA, ta hana shigo da kayan shafa masu ɗauke da sinadarin haidirokwinon. Amma kowa ya san har yau ana samun su, wasu a kwalba mai suna, wasu a roba ba suna ba lamba, wai haɗi na musamman. A cikin irin wannan haɗi ana samun abu uku: haidirokwinon, ko magani mai ƙarfi na sitiroyid wanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta, ko kuma zaiba, wadda ke lalata ƙoda.

Yarinya 'yar shekara 22 tana iya yin shafe-shafe, a ga kamar ba komai. Lissafin yana zuwa ne bayan shekara 15 ko 20. Haidirokwinon idan aka daɗe ana amfani da shi yana barin baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi, wanda yake da wuyar magani. Sitiroyid yana sa fata ta yi siriri har a riƙa ganin jijiyoyi, ya kawo nankarwa da ƙuraje, kuma yana shiga jini ya taimaka wa hawan jini da ciwon sukari, cututtukan da dama a wannan shekaru suka fi kama mutum. Fatar da ta yi siriri kuma ba ta saurin warkewa idan aka yi tiyata. Kafintocin da suka yi wa Anloga suna, kafin a mayar da yawancinsu Sokoban saboda aikin hanyar Oforikrom zuwa Asokwa, sun san cewa katakon da aka cika gogewa ba ya ƙara riƙe ƙusa.

Wadda ta yi niyyar dainawa, Allah ya ba ta iko, amma kar ta yanke rana ɗaya idan man nata mai sitiroyid ne, domin fata tana iya yin bore da ja da zafi, har mutum ya koma wa abin da ya gudu. Ta ɗauki kwalbar ta je da ita asibiti. Akwai sashen likitocin fata a asibitin Komfo Anokye, kuma daga asibitin Manhyia ko wanda ya fi kusa ana iya tura mutum can. Launin asali zai dawo a hankali, da farko ma ba zai dawo bai ɗaya ba. A nan ne ake buƙatar miji da ƙawaye su riƙe bakinsu. Mata da yawa sun koma bilicin ne saboda kalma ɗaya da aka jefa musu a gidan biki, wai "Hajiya, lafiya kuwa, kin yi duhu?"

Duk man da za a saya kuma, a juya kwalbar a duba lambar rajistar FDA da ranar lalacewa. Wanda ba shi da ko ɗaya, a bar wa mai shi kayansa.

Kwalli, lalle da furfura

Kwalli adonmu ne tun kaka da kakanni. Sai dai irin na dutse mai walƙiya da ake niƙawa, wanda wasu a ƙasar nan ke kira chilo ko kajikaji, sau da yawa ma'adinin dalma ne. Binciken da aka yi a Ghana ya sami dalma a cikinsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Ga babba tana ƙara hawan jini, ga yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan ya shafi kakanni kai tsaye, domin su ne ke ranbaɗa wa jariri kwalli ranar suna. Mu malaman makaranta mu ne muke haɗuwa da yaron bayan shekara shida, lokacin da ba a iya mayar da abin da ya lalace. A nemi jagira ko kwallin kamfani mai rajista, jariri kuwa a bar idonsa yadda Allah ya yi shi.

Lalle na ganye, mai ba da ja, ba shi da matsala ga yawancin mutane. Baƙin lalle mai kamawa cikin minti kaɗan shi ne abin tsoro, don ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda ke sa wasu hannunsu ya kumbura ya yi bororo. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa sau ɗaya, to ta ƙaurace masa har abada, haka ma baƙin rinin gashi, tunda sinadarin ɗaya ne.

Furfura kuma ba abin kunya ba ce. Malamanmu sun karantar da cewa an so a canza launinta da lalle, kuma da yawansu sun hana baƙin rini, suna kafa hujja da abin da aka umarta game da Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, ranar da aka buɗe Makka. Ke nan a wannan gaɓa abin da addini ya zaɓa da abin da likita zai ba da shawara sun haɗu a wuri ɗaya.

Gashin da ke ƙarƙashin ɗankwali ma yana da haƙƙi. Kitso mai ɗaurin tsiya, wanda ke hana mutum barci daren farko, shi ke cinye gashin gaban goshi, kuma idan saiwar ta mutu ba ta dawowa. Bayan 40 a koma manyan kitso marasa ja, a bar gashi ya bushe kafin a ɗaura masa kallabi, a rage yawan shafa man miƙar da gashi.

Tabarau ma ado ne

A ranar taron iyaye da malamai, sau da yawa za ka ga uwa ta karɓi takardar sakamakon ɗanta tana nesanta ta da fuska, daga ƙarshe ta ce malama karanta mini. Ba rashin karatu ba ne, da yawansu sun sauke Alƙur'ani. Daga wajen shekara 40 idon kowa yana fara kasa ganin abu na kusa. Amma sai a ƙi tabarau don kar a ce an tsufa, a daina karatun asuba, a daina zura zare a allura.

Kafin a sayi na bakin titi, a je a auna ido. Ghana tana cikin ƙasashen da cutar hawan jinin ido, gilokoma, ta fi yawa, kuma tana cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba, musamman bayan shekara 40. Akwai asibitin ido a Komfo Anokye, ga kuma jami'ar KNUST mai sashen koyar da aikin auna ido, tafiyar mota ɗaya daga mahadar Anloga. A sabunta katin inshorar lafiya a tafi da shi. Idan an gama, a zaɓi tabarau da ya dace da fuska, a sa shi da alfahari.

Akwati cike, ba abin sawa

Sai maganar yayi. Kowane biki da atamfarsa ko leshinsa, wata a wata ɗaya sai ta yanki uku, ta ci bashi ko ta kwashe kuɗin adashi, ta sa sau ɗaya ta jefa a akwati. Bayan shekara 20 ana wannan, akwati ya cika amma ranar fita sai a ce ba kaya, don jiki ya canza, ɗinkin bai canza ba.

Kafin a shiga kasuwa, a fara buɗe akwatin. A ware kashi uku: wanda ke shiga yanzu, wanda tela zai iya gyarawa, da wanda za a bayar sadaka tun yana da kyau. Tsohuwar atamfar GTP ko ATL ta auduga ce, ta fi yawancin na yanzu masu araha ƙarko, kuma zane biyu suna iya zama doguwar riga ko bubu mai kyau. A je wa tela da awon yau, a bar na ranar aure. Kaya masu matsewa suna ƙara wa mutum shekaru, haka ma wanda ya yi yawa har mutum ya ɓace a ciki.

Ga mai fama da zafin jiki, auduga da shadda marar nauyi sun fi yadin roba nesa ba kusa ba, mayafi ma a nemi mai shan iska. Launi kuma ba a ce don an girma sai baƙi da toka ba. Ruwan goro, shuɗi, kore da ruwan zuma duk suna haska baƙar fata. Takalmi ya zama mai faɗin ƙasa, domin gwiwa da baya ba za su yafe dogon dunduniya ba. Game da yayi kuwa, ba laifi mace ta ce wannan karon ba zan yanka ba, zan zo da gudunmawata. Zumunci a ƙafa yake, ba a cikin leda ba.

Alhazai ma da nasu

Maza kar su ɗauka ba da su ake ba. Gemu yana son gyara da mai, baki yana son asuwaki da ganin likitan haƙori, musamman ga masu cin goro. Kaftanin da aka ɗinka tun kafin tumbi ya fito a kai shi a buɗa. Ranar Juma'a, tun da gwamnatin Shugaba Kufuor ta ƙaddamar da tsarin sa kayan gida a 2004, ma'aikaci yana iya shiga ofis da batakarinsa ko kaftaninsa ya wuce masallaci, ba mai kallonsa. Wanda ke son misalin tsufa da kamala ya dubi babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da aka haifa a 1919, yadda yake fitowa fes cikin rawaninsa.

Kuma Alhaji, idan uwargida ta yi sabon ɗinki ko ta sa lalle, a buɗe baki a yaba. Da yawan matan da suka jingine ado, sun jingine ne don an daina gani.

Daga ina za a fara?

Ba sai an canza komai a rana ɗaya ba, sannu ba ta hana zuwa. Wannan makon a zazzage kwandon kayan shafa, a fitar da marasa lamba da waɗanda suka lalace. Mako mai zuwa a auna ido, a auna jini da sukari. Kafin ƙarshen wata a kai wa tela zane biyu daga cikin akwati. A ƙara da shan ruwa, da isasshen barci, da ɗan tattaki bayan asuba, ko da daga gida zuwa mahada ne a dawo.

Iyayenmu da yayyenmu, kun yi shekaru kuna wanke mu kuna shafa mana mai. Yanzu lokaci ne da za ku waiwayi kanku, mu kuma 'ya'ya da ƙanne mu ɗauki kuɗin mota da na tabarau. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.