Ciwon guringuntsi mai tafiya ya dawo: ina matsayin zuma, habbatus-sauda da ƙaho?

 

Akwai cutar da mutum zai iya shafe shekaru yana yawo da ita tsakanin asibiti da gidan mai magani ba a gane ta ba, saboda ƙarancinta. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna kiranta polychondrite chronique atrophiante, mu kuwa za mu ce mata ciwon guringuntsi mai tafiya ya dawo. Wani likita mai suna Jaksch von Wartenhorst ne ya fara bayyana ta a birnin Prag a shekarar 1923, sannan likitoci a Amurka suka ba ta sunan da aka fi saninta da shi a 1960. A cikin mutum miliyan ɗaya, waɗanda take kamawa a shekara ba su cika ko biyar ba. Ta fi bayyana tsakanin shekara 40 zuwa 60, ga maza da mata.

Yadda take da yadda ake gane ta

Allah Ya halicci jiki da garkuwa mai yaƙar ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo garkuwar ce take ruɗewa, ta juya kan guringuntsin mai ita tana cinsa. Guringuntsi shi ne ke tsayar da kunne, da karan hanci, da bututun numfashi, kuma shi ke lulluɓe da bakin gaɓoɓi da mahaɗar haƙarƙari da ƙashin ƙirji.

Mafi yawan masu ciwon, kusan tara cikin goma, kunne ne ke nuna shi. Sai ya kumbura, ya yi zafi, har mutum ya kasa ɗora shi a matashi. Amma tattausan naman ƙasan kunne, inda mata ke sa ɗan kunne, yakan tsira, domin babu guringuntsi a cikinsa. Bayan kwanaki ko makonni kumburin ya sauka, iyali su ce an warke, sai kuma ya dawo. Kowace dawowa tana rage wani abu, har kunne ya yi laƙwas, karan hanci ya lotsa.

Mu lura da wannan alama ta kunne da kyau. A ƙasashenmu, da zarar an ga hanci ya lotsa, kunne ya sake kama, sai a fara raɗe-raɗin kuturta, a ware wa mutum ƙwaryarsa. Kuturta takan kama naman ƙasan kunnen nan da wannan ciwo yake bari, kuma tana zuwa da tabo marar ji a fata. Ciwon guringuntsi ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko zaman aure, ko sahun salla. Ƙyamar mai shi zalunci ne a kan jarrabawa.

Babban haɗarinsa a maƙogwaro yake. Kusan rabin masu ciwon yana taɓa musu hanyar numfashi, kuma idan guringuntsin wurin ya yi laushi, bututun na iya rufewa. Dushewar murya, da tari marar kaki, da shaƙewa, da jan ido mai zafi, da kurumta ko jiri na farat ɗaya, duk alamu ne na a tafi asibiti a ranar, ba a tsaya jiƙa saiwa ba. Yana kuma iya taɓa ƙofofin zuciya da babbar jijiyar jini. A 2020 masu bincike a Amurka sun gano cewa wasu dattawa maza masu wannan ciwo tare da ƙarancin jini da zazzaɓi, wata cuta ce ta ɓargo mai suna VEXAS ke damunsu, don haka awon jini wajibi ne.

Maganin asibiti shi ne ginshiƙi

Likita yakan fara da maganin kumburi, ko colchicine, ko dapsone idan ciwon da sauƙi. Idan ya tsananta sai a ba da kortizon, galibi prednisone, a haɗa da masu kwantar da garkuwa irin su methotrexate ko azathioprine, wani lokaci har da allurai irin su infliximab da tocilizumab. Ba su kawar da ciwon ɗungurungum, amma suna tsare numfashi da gani da ji.

Abu uku ne suka shafe mu musamman. Dapsone na fasa jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, kuma wannan ƙaranci ya yawaita a yankinmu, saboda haka a nemi awonsa tukuna. Kafin a kwantar da garkuwa a binciki tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, domin suna iya farkawa. Methotrexate kuwa sau ɗaya ake shansa a mako, tare da folik asid, kuma yana cutar da ɗan tayi. Mai neman haihuwa ta gaya wa likita tun farko.

Magungunan gida da na Musulunci

Mun taso a gidajen da ba a rasa zuma da habbatus-sauda da man zaitun. Alƙur'ani ya ambaci warakar zuma a Suratun Nahli, hadisi ingantacce ya yabi habbatus-sauda da ƙaho, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce mu da neman magani. Wannan umurni bai keɓe maganin likita ba. Malamanmu sun daɗe suna bayanin cewa amfanin magani yana tare da sanin cuta, da gwargwado, da halin marar lafiya. Har yau babu wani gwaji da ya nuna cewa ganye, ko mai, ko tsarin abinci yana tsayar da wannan ciwo. Matsayinsu na mataimaki ne, mataimaki kuwa ba ya korar maigida.

Zuma tana sanyaya maƙogwaro, amma kortizon na ɗaga sukarin jini, don haka cokali ɗaya ya wadatar, mai ciwon sukari kuma ya tambayi likita. Habbatus-sauda, da citta, da kurkum, a cikin abinci da shayi ba laifi. Matsalar tana cikin ƙwayoyi da kwalabe masu ƙarfi: an samu waɗanda ƙwayoyin kurkum suka ɓata wa hanta, ga methotrexate shi ma hanta yake wahalarwa. Ƙaho kuwa tsaga ne a fata, wanda aka kwantar wa garkuwa rauninsa na saurin ruɓewa. Kada a yi shi sai da yardar likita da aska sabuwa, kuma kada a kusanci kunne, ko hanci, ko wuya. Haka nan a guji huda saman kunne, domin rauni a guringuntsi na iya tayar da ciwon.

A yi hattara da duk kwalbar da aka ce tana ƙara ƙarfin garkuwar jiki. Garkuwar wannan bawan Allah ba rauni ta yi ba, wuce gona da iri ta yi. Ƙwayoyin gyaran gaɓoɓi da ake cewa suna gina guringuntsi ba su mayar da kunne ko hancin da ya narke. Mafi muni shi ne haɗe-haɗen 'yan talla da ake ɓoye kortizon a ciki. Mutum ya sha ya ji sauƙi nan take, ya yi ta sha ba awo, har fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni. Wanda kuma ya daɗe a kan kortizon kada ya yanke shi rana ɗaya don wani ya yi masa alkawarin waraka. Yin haka na iya kai shi kushewa. A hankali likita ke rage shi.

Abin da iyali za su iya yi

Taimakon gaskiya yana cikin ƙananan abubuwa. A nisanta marar lafiya da hayaƙin taba, da na murhu, da turaren wuta a rufaffen ɗaki, ya kuma rufe hanci da baki lokacin ƙurar hunturu. A rage masa gishiri da dunƙulen miya da kanwa, saboda kortizon na hawar da jini. A yawaita masa nono, da kindirmo, da miyar kuka, da zogale, da ƙananan kifi, domin suna ƙarfafa ƙashi. Likita kuma yakan ƙara da kalsiyam da bitamin D. Tafiya a ƙafa kullum, da isasshen barci, suna rage ciwon gaɓoɓi. A yi masa matashi mai rami a tsakiya, a sassauta ɗaurin kallabi ko rawani, a ɗora tsumma mai sanyi a kunne idan ya kumbura.

Game da azumi, Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame. Wanda ciwonsa ya lafa ya shirya da likita tun cikin Sha'aban, a ga ko za a mayar da shan magani lokacin sahur. Wanda ke cikin tashin ciwo ya sha, ya rama daga baya. Maniyyaci aikin Hajji ya sanar da masu rigakafi irin maganin da yake sha, domin allurar shawara tana ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta da aka raunana, ba a yi wa wanda aka kwantar wa garkuwa. Idan kuma za a yi masa tiyata, ko da ta haihuwa ce, a gaya wa mai sa barci sunan ciwon, saboda bututun da ake zurawa a maƙogwaro. Yana da kyau ya riƙa yawo da takarda mai sunan cutar da Faransanci da jerin magungunansa.

Addu'a da ruƙiyya ta shari'a da sadaka suna kwantar da zuciya, kuma Allah ne Mai warkarwa. Sai dai tawakkali ba ya hana riƙon sababi. Muna kira ga limamai da masu magani masu tsoron Allah: idan aka kawo muku mai kumburin kunne da dusasshiyar murya, ku yi masa addu'a, sannan ku tura shi wurin likitan kunne da maƙogwaro ko na gaɓoɓi ba tare da jinkiri ba. Ƙungiyoyinmu kuma su tuna da irin waɗannan bayin Allah wajen rabon zakka, domin maganin na tsawon shekaru ne, kuma yana cin aljihu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ciwo ya zama kaffara, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri. Amin.