Yadda Ake Cire Rufin Land Rover, da Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Cire

Kowane ɗalibi na wannan makaranta ya san tsohuwar Land Rover ɗinmu wadda ke tsaye a gindin dogon yaro bayan ɗakin koyon sana'a. A zangon karatu na biyu ne hukumar makaranta ta yarda a cire mata rufin baya, domin ta riƙa ɗauko mana shinkafa da albasa daga Wurno da Goronyo, da kuma dogayen bututun ban ruwa na lambun makaranta, waɗanda ba su shiga ciki idan rufin yana nan. Mu malamai biyu da ɗalibai takwas da direba muka yi aikin. Mun ɗauka awa biyu za su ishe mu, sai ga shi ya ci mana kwana biyu. Mun ga ya dace mu rubuta abin da muka koya, gama akwai 'yan'uwa cikin ikilisiya da ke da irin wannan mota, suna kuma da irin wannan niyya.

Asalin motar

Kamfanin Rover na ƙasar Ingila ne ya fara nuna Land Rover a bainar jama'a a birnin Amsterdam, ranar 30 ga Afrilu, 1948. Wani injiniya mai suna Maurice Wilks ne ya kawo shawarar ƙera ta, bayan ya yi aiki da jif ɗin sojan Amurka a gonarsa. A lokacin ba a daɗe da gama yaƙin duniya na biyu ba, ƙarfe ya yi wuya a Ingila, saboda haka aka yi jikin motar da alminiyam, wanda maƙeranmu ke kira goran ruwa. Motocin farko da rufin tamfol suka fito. Rufi mai ƙarfi ƙari ne da aka zo da shi daga baya, ana ɗaura shi da ƙusoshi da noti. Wannan shi ya sa ake iya cire shi ba tare da yanka ko walda ba.

An yi ƙira ta biyu a 1958, ta uku kuma daga 1971 zuwa 1985. Akwai gajera, mai tazarar inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, akwai doguwa mai inci 109. Tamu doguwa ce, ƙira ta uku, mai ƙofa biyu a gaba da ɗaya a baya. Daga ƙarshen shekarun 1970 an riƙa harhaɗa irinta a masana'antar Leyland da ke Ibadan. Wadda kuka gani da sitiyari a hannun dama, galibi ta shigo ne kafin 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na hanya. Magajiyarta ta samu suna Defender a 1990, kuma an daina ƙera tsohuwar siffar a watan Janairu na 2016.

Iyayenmu sun san amfaninta a gabashin Sakkwato. Kafin kwalta ta yawaita, ita ke kai malaman asibiti da likitocin dabbobi da ma'aikatan gona ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima. Ita ke ratsa rairayi da laka zuwa Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, da Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Bayan an gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, noman rani ya ƙaru, kayan da ake fitarwa daga fadama kuma suka yi yawa. Daga nan ne masu mota da dama suka fara kallon rufin a matsayin abin da ke rage musu wurin lodi.

Aikin da rufi yake yi

Kafin mu taɓa ko noti ɗaya, sai mu tambayi kanmu, wane aiki wannan rufi yake yi? Na farko, inuwa. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Wasu motocin ma rufi biyu gare su, ɗaya bisa ɗaya, da 'yar tazara a tsakani inda iska ke wucewa ta kwashe zafi. An yi wannan ne musamman domin ƙasashe irin namu. Na biyu, rufin yana riƙe da saman gilashin gaba, yana rage masa girgiza a kan burji. Na uku, a jikin bangon rufin ne aka ɗaura ƙyauren baya. Na huɗu, wanda mutane suka fi mantawa, a yawancin waɗannan motoci mariƙin bel na kafaɗa yana haɗe da sashen rufin. Idan rufi ya tafi, bel ya rasa wurin kamawa.

To, duk wanda ya cire rufi, ya ɗauki alhakin samo abin da zai maye gurbin waɗannan ayyuka huɗu.

Shiri

A tsai da motar a wuri mai laushin ƙasa amma shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a sa duwatsu a tayoyi. A zaɓi ranar da babu iska. Rufin faffaɗa ne, ba shi da nauyi sosai, kuma iskar hunturu tana iya fizge shi daga hannun mutum shida.

Kayan aiki su ne sifana mai lamba 7/16 da mai lamba 1/2, biyu-biyu, gama ɗaya tana riƙe ƙusa, ɗaya tana juya noti. Awon inci ne, ba na milimita ba. Sifanar da ake kwance motocin Japan da ita takan yi kamar ta zauna, amma sai ta cinye kan notin. A tanadi sukudireba, da filaya, da alli, da gwangwanaye huɗu ko biyar, da tsofaffin tayoyi ko katifa inda za a ajiye rufin.

Kwana ɗaya kafin aiki, a ɗiga wa kowane noti man kwance tsatsa, ko kananzir da aka gauraya da ɗan baƙin mai. A nan ne muka yi kuskuren farko. Mun fara kwancewa a bushe, ƙusoshi uku suka karye. Dalilin yana cikin darasin kimiyya na aji huɗu. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma idan ya daɗe manne da ƙarfe, damshi kuma yana shiga tsakaninsu, sai alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa, ya zama farin gari kamar toka. Wannan gari shi ke liƙe ƙusa cikin raminta.

Kada a kira mai walda ya gasa notin da wuta. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, sai dai kawai ka ga rami. Har ila yau, tankin man irin motarmu yana ƙarƙashin kujerar gaba ta hannun dama, bakinsa kuma yana bayan ƙofa, kusa da inda ake aikin. Notin da ya ƙi, a yanke shi da zarton ƙarfe.

Kwancewa

Da farko a cire wayar batir, wadda ke haɗe da jikin mota. Sa'an nan a bi wayar fitilar ciki, da duk wata waya da ta hau rufin, a zare su a mahaɗarsu, a naɗe bakinsu, a sa musu alama. In akwai ragar ɗaukar kaya a bisa, a sauke ta.

Na biyu, ƙyauren baya. In da taya a jikinsa a sauke ta tukuna. Mutum biyu su riƙe ƙyauren, na uku ya kwance maƙalansa.

Na uku, a shiga ciki a kwance jerin ƙusoshin da suka haɗa rufi da saman gilashin gaba. Daga nan a bi waɗanda suka haɗa rufi da bangayen gefe, hagu da dama. Kowane jeri da gwangwaninsa, a rubuta sunansa da alli. Kafin a ɗaga, wani ya zagaya da hannu ya tabbata babu ƙusar da ta rage. Mun bar guda ɗaya a kusurwa bisa mantuwa, da muka ɗaga sai gefen rufin ya lanƙwashe, har yau alamar tana nan.

Na huɗu, ɗagawa. Tsohuwar robar da ke tsakani takan manne, sai a raba ta a hankali da siririn katako, ba da sukudireba ba. Mutum shida su tsaya, uku a kowane gefe. Mutum ɗaya ne kawai zai yi magana. A ɗaga tare, a ja baya tare, a ajiye bisa tayoyin nan. Kada wanda ya sa yatsa tsakanin rufi da gilashi.

Na biyar, bangayen gefe. Da rufi ya tashi, ba abin da ke riƙe da su sai ƙusoshin ƙasa. A bar ƙusa ɗaya ta ƙarshe har sai wani ya riƙe bangon, gama akwai gilashi a jikinsa. Saman ƙofofin gaba ma yana cirewa da noti biyu, amma muna ba da shawara a bar shi saboda ƙura.

A ajiye rufin a inuwa, a ɗaure shi, kada a jingina shi inda iska ko awaki za su kā da shi. A shafa wa ƙusoshi giris a rufe gwangwanayen. Damina tana nan tafe a watan Yuni, mai yiwuwa ne a so mai da shi.

Bayan an cire

Yanzu bayan motar a buɗe yake. Dole a sa ɗan ƙyauren ƙasa mai sarƙa biyu, in ba haka ba buhu ko mutum zai iya zamewa ya faɗo. A duba maƙalan gilashin gaba a ƙara ɗaure su. Domin inuwa akwai hanya biyu. Ana iya kafa sandunan ƙarfe a lulluɓa tamfol. Ana kuma iya sa ƙaramin rufi bisa kujerun gaba kaɗai, motar ta zama a-kori-kura. Wannan na biyu shi muka zaɓa.

Mai amfani da tamfol ya kula da abu ɗaya. Idan gaba da gefe suna rufe, baya kuma a buɗe, iska tana juyawa a bayan mota ta jawo hayaƙin salansa zuwa ciki. A cikin hayaƙin akwai guba marar launi marar wari, wadda ke kawo ciwon kai da gyangyaɗi, har ta iya kisa. In an naɗe baya, a naɗe gefe ma.

Batun bel kuwa, a sa makanike ya kafa masa ƙaƙƙarfan mariƙi a jikin motar. Kada a ɗaura shi a sandar tamfol. Sandunan nan domin riƙe tamfol aka yi su, ba za su tare nauyin mutum ko na mota ba. Gaskiya ma, ko rufin alminiyam ɗin ba wata babbar kariya ba ne idan mota ta kife, amma yakan hana mutum wurgowa waje. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003. Yana da kyau kuma a sanar da jami'an duba lafiyar motoci da kamfanin inshora cewa siffar motar ta sāke.

Lodi

Nan ne babban haɗarin yake. Rufi iyaka ne, yana gaya wa mai lodi cewa ya isa haka. Da an cire shi, sai ido ya ga sarari har sama. Amma cire rufi bai ƙara wa sifirin ko birki ƙarfi ba. Masu ƙira sun ƙayyade wa doguwar mutum uku da kaya kimanin kilo 900 a kan hanya mai kyau, gajerar kuma kimanin kilo 450, kuma a daji sai a rage. Wato doguwar buhu tara ne masu kilo 100. Land Rover mota ce mai tsayi, marar faɗi sosai. Duk buhun da aka ɗora a sama yana ɗaga tsakiyar nauyinta, har ta kai inda ƙaramar kwana ko gangaren bakin fadama zai kwantar da ita. Dukanmu mun taɓa ganin motoci suna dawowa daga kasuwa da buhunan albasa sun fi kan direba tsayi, mutane kuma zaune a bisa suna lilo da ƙafa. Hausawa sun ce ganin hadari ba ya sa wanka da kashi, haka nan tsadar kuɗin mota ba ta isa a sai da rai ba.

Saboda haka makaranta ta kafa doka uku, an kuma rubuta su da fenti a jikin ƙyauren baya. Kaya ba za su wuce tsayin rufin direba ba. Ba ɗalibin da zai zauna bisa kaya. Ranar da za a kai 'yan mawaƙa ko zumuntar mata taro, ba za a haɗa su da lodi ba. Direba yana da ikon ƙin tashi idan an karya ɗaya daga ciki, ko da malami ne ya umarce shi.

Muna roƙon 'yan'uwa masu irin wannan mota su yi haka. Yaran da muke ɗauka amana ce da iyayensu suka ba mu, za mu kuma ba da lissafinsu a gaban Ubangiji. Muna godiya ga ɗaliban aji biyar na sashen sana'a da suka yi haƙuri da zafin rana kwana biyu, da direbanmu wanda ya fi mu duka sanin halin wannan mota. Wanda yake so ya ga rufin, yana nan ɗaure a ɗakin ajiya, gwangwanayen ƙusoshi kuma suna kan kanta, kowanne da sunansa.