Bukukuwan fina-finan 'yan asalin ƙasa: Waƙa a bakin mai ita

A ƙarshen watan Janairun kowace shekara, lokacin da rana ke fara leƙowa bayan makonni na duhun hunturu, jama'a kan hallara a garin Inari da ke can ƙuryar arewacin ƙasar Finlan, su zauna a fili cikin tsananin sanyi suna kallon fina-finai a kan wani allon majigi da aka gina da dusar ƙanƙara. Wannan shi ne bikin Skabmagovat na al'ummar Sami, wanda aka fara a shekarar 1999.

Bikin dai ɗaya ne daga cikin bukukuwa da dama da ake gudanarwa a sassa daban-daban na duniya domin baje kolin fina-finan al'ummomin da ake kira 'yan asalin ƙasa. Abin da ya haɗa su duka shi ne fafutukar ganin cewa waɗannan al'ummomi su ne ke ba da labarin kansu, da harshensu, bayan shekaru masu yawa da wasu suka yi suna ba da shi a madadinsu.

Su wane ne 'yan asalin ƙasa?

Ma'anar kalmar a nan ta bambanta da yadda ake amfani da ita a Najeriya wajen rarrabe ɗan asalin jiha da baƙo. Ana nufin al'ummomin da ke zaune a wata ƙasa tun kafin wasu su zo su mamaye ta, waɗanda kuma suka wayi gari an mayar da su saniyar ware a ƙasar kakanninsu. Daga cikinsu akwai Inuit na yankin ƙanƙara a Kanada, da Mawori na Niyuziland, da Aborijin na Ostireliya, da kuma Sami da ke warwatse a arewacin Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha. A nahiyar Afirka kuwa, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar ta ambaci al'ummomi irin su San da Batwa da Abzinawa da Fulanin Bororo.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta yawansu a kan mutum miliyan 476 a ƙasashe kimanin 90. A shekarar 2007 babban zauren majalisar ya amince da wani ƙuduri kan haƙƙoƙinsu, inda ƙasashe huɗu, wato Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyuziland suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, ko da yake daga baya dukkansu sun sauya matsayi. Najeriya na cikin ƙasashen da suka ƙaurace wa ƙuri'ar.

Me ya sa suke buƙatar bikin kansu?

Amsar tana cikin tarihin sinima. Duk wanda ya kalli fina-finan kaboyi na Amurka zai tuna da mutanen da masu kallo a ƙasar Hausa suka laƙaba wa suna Indiyawan daji. Akasari aikinsu a fim shi ne su yi kururuwa, su kai hari, a kuma harbe su, kuma sau da yawa ma Turawa ne ake shafa wa fenti su fito a matsayinsu.

Hatta fina-finan da aka yi da sunan ilmantarwa ba su tsira ba. A fim ɗin Nanook of the North na shekarar 1922, Ba'amurke Robert Flaherty ya sa wani mafarauci ɗan ƙabilar Inuit ya yi farauta da mashi, alhali kuwa mutumin ya saba da bindiga. Kazalika fim ɗin The Gods Must Be Crazy na 1980, wanda ya yi farin jini ƙwarai a Afirka, ya sha suka saboda ya nuna mutanen San tamkar waɗanda ko kwalba ba su taɓa gani ba, a daidai lokacin da ainihin matsalarsu ita ce rasa filayensu.

Wannan ɓacin suna ya zo ne tare da wani babban rashi. A Kanada, an raba yara kimanin 150,000 da iyayensu aka kai su makarantun kwana, waɗanda akasari majami'u ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, inda ake hukunta yaro idan ya yi magana da harshen uwarsa. Gwamnatin ƙasar ta nemi gafara a 2008, sa'an nan wata hukumar bincike ta bayyana abin a 2015 a matsayin kisan ƙare dangi ga al'ada.

Yadda bukukuwan suka samo asali

Daga cikin mafiya daɗewa akwai bikin fina-finan Indiyawan Amurka, wanda Michael Smith ya kafa a birnin Seattle a 1975, kafin ya koma San Francisco a 1977. A birnin Toronto na Kanada kuwa akwai imagineNATIVE, wanda aka fara a shekarar 2000, kuma shi ake ɗauka a matsayin mafi girma a duniya. Sai bikin Maoriland da ake yi a ƙaramin garin Otaki na Niyuziland tun 2014.

Su ma manyan bukukuwan duniya sun buɗe ƙofa. A bikin Sundance na Amurka, fim ɗin Smoke Signals na darakta Chris Eyre ya lashe kyautar zaɓin masu kallo a 1998, yayin da bikin birnin Berlin na Jamus ya keɓe wani sashe na musamman ga irin waɗannan fina-finai daga 2013 zuwa 2019.

Sharaɗin da ya bambanta biki irin imagineNATIVE da sauran shi ne, ba a karɓar fim don kawai yana magana a kan 'yan asalin ƙasa. Wajibi ne a samu ɗan al'ummar a cikin masu riƙe da ragamar aikin. Ban da nuna fina-finai, akan kuma shirya tarurrukan horar da matasa da zaman ganawa da masu zuba jari da masu rarraba fina-finai.

Fim ɗin da ya buɗe hanya

Tarihin garin Igloolik da ke arewacin Kanada ya isa misali. Sau biyu mutanen garin suka kaɗa ƙuri'ar ƙin karɓar talabijin a shekarun 1970, bisa hujjar cewa babu shirye-shirye da harshensu na Inuktitut. A 1981 wani matashin garin mai sana'ar sassaƙa, Zacharias Kunuk, ya sayar da wasu daga cikin ayyukansa a birnin Montreal ya sayi kyamarar bidiyo.

Shekaru ashirin bayan haka ya fito da Atanarjuat, dogon fim na farko da aka rubuta aka kuma shirya baki ɗayansa da harshen Inuktitut. An tattaro labarin ne daga bakin dattawan garin, game da wani mutum da ya tsere wa masu neman ransa da gudu a kan ƙanƙara, ba takalmi ba sutura. Fim ɗin ya lashe kyautar fim na farko mafi ƙayatarwa a bikin Cannes na Faransa a 2001, kuma a wata ƙuri'ar masana da bikin fina-finai na Toronto ya shirya a 2015, an zaɓe shi a matsayin fim mafi inganci a tarihin Kanada.

Ɗan ƙabilar Aborijin Warwick Thornton shi ma ya ɗauki wannan kyauta ta Cannes a 2009 da fim ɗinsa Samson and Delilah, yayin da Taika Waititi, wanda ke da jinin Mawori, ya karɓi kyautar Oscar ta rubutun fim a 2020.

Matsalolin da suka rage

Sai dai kuma har yanzu da sauran rina a kaba. Yawancin bukukuwan sun dogara ne a kan tallafin gwamnatoci da gidauniyoyi, abin da ya sa suka fi ƙarfi a ƙasashe masu arziki, yayin da al'ummomi irin su Batwa da San ba su da irin wannan gata. Bugu da ƙari, fim kan sha tafi a wajen biki amma ya rasa gidan sinimar da zai nuna shi.

Akwai kuma taƙaddama kan wanda ya cancanci a kira ɗan asali. A ƙarshen 2020 hukumar fina-finai ta Kanada ta janye fim ɗin Inconvenient Indian daga bikin Sundance, bayan da aka nuna shakku kan asalin da daraktar fim ɗin, Michelle Latimer, ta danganta kanta da shi.

Babbar tambayar ita ce ko fim zai iya ceto harshen da ke gab da ɓacewa. A 2018 an fito da dogon fim na farko da harshen Haida na yammacin Kanada, harshen da masu jin sa sosai 'yan ƙalilan ne, akasarinsu tsofaffi. Sai da 'yan wasan suka zauna a gaban dattawa suka koyi furucin kalmomin kafin a fara ɗauka. Su ma manyan kamfanoni sun fara bin sahu, domin an juya Star Wars zuwa harshen Navajo a 2013, da Moana zuwa harshen Mawori a 2017, da kuma Frozen 2 zuwa harshen Sami a 2019.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2022 zuwa 2032 domin raya harsunan 'yan asalin ƙasa. Fim zai iya adana muryar dattawa, ya kuma cire wa yaro jin kunyar harshensa, amma ɗorewar harshen ta ta'allaƙa ne a kan ko iyaye za su ci gaba da magana da shi da 'ya'yansu a cikin gida.