Abin da ke sa launin zare ya taru wuri guda a saƙar safa

Da hunturu ya kawo jiki, kasuwar safa da hular ulu takan buɗe, mata masu saƙa kuma su duƙufa. Sai dai masu aiki da zare mai launi-launi sukan gamu da wata matsala: ƙwaurin safa ya fito da ado tsaf, amma da an iso dunduniya sai ja ya taru gefe guda, shuɗi ya koma wani, kamar an zubar da rini. Irin wannan safa mai saye yakan rage mata kuɗi, ko da saƙar ba ta da aibi.

Dalilin lissafi ne. Ana rina zaren ne gaɓa-gaɓa, launukan suna maimaituwa bayan wani tsawo ƙayyadadde. Idan suna dawowa bayan kowace santimita 80, zagaye ɗaya na safar kuma yana cin santimita 80, to ja zai riƙa sauka a kan ja, ya yi gungu. Idan zagayen ya ci 82, launin zai riƙa gusawa kaɗan-kaɗan, ya nannaɗe ƙafar.

A dunduniya ne wannan lissafi yake rushewa. Safar babban mutum da siririn zare takan ɗauki ƙulli 64 a zagaye. A tsarin da aka fi sani, ana saƙa dunduniya a kan rabinsu, wato 32, ana kai da komo. Bayan an lanƙwasa ta, ana tsinto sababbin ƙulli daga gefunanta biyu, adadin ya haura 80, sannan a yi ta ragewa har ya dawo 64. Tunda kowane zagaye a nan da tsawonsa daban, adon ma sai ya sauya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar dunduniya sai ƙarshe. A inda za ta zauna, a saƙa ƙulli 32 da wani guntun zare, a ci gaba har yatsu. Daga baya a zare guntun, a saƙa dunduniya a ramin da ya buɗe. Ta haka zagayen ba ya sauya tsawo, kuma idan dunduniyar ta cinye ana iya warware ta a saƙa sabuwa. Wasu kuma sukan yi ta da zare mai launi ɗaya. Idan gungun a ƙwauri ya bayyana, ƙarin ƙulli huɗu ko sauya kaurin allura yakan watsa shi.

Ga mai sayen zare, ya duba takardar jikin ƙunshin. Zaren safa mai ƙarko yawanci kashi 75 ulu ne, 25 nailan, kuma giram 100 yakan isa ƙafa biyu. A fara kowace ƙafa daga launi iri ɗaya, domin su fito tamkar an tsaga kara.