Mai jego bayan tiyatar nono: me jariri zai sha?

Tiyatar rage girman nono ta fi yawa a Turai da Amurka. A ƙasar Haɗeja, abin da ya fi kai wuƙa ga ƙirjin mace shi ne ƙurjin da ya yi ruwa, ko a yanka shi a asibiti, ko wanzami ya yi masa sakiya, sai kuma cire ƙullutu. Ko wacce aka yi, tambayar mai jego ɗaya ce: ruwan nono zai zo?

Ya danganta da inda wuƙar ta bi. Nono na da ƙananan hanyoyi da ke kai ruwa zuwa kan nono, da jijiyar da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jariri na tsotso. Yankan da ya zagaye baƙin nono ya fi tsinke su. Idan aka cire kan nonon ɗungurungum aka sake dasa shi, da wuya ruwa ya fito. Amma in an bar shi a maƙale da naman ƙasansa, mata da dama na samun ruwa, wani lokaci ma ya ƙaru a haihuwa ta gaba. Nono ɗaya mai lafiya kuwa yana iya riƙe yaro.

Abin da ke damuna shi ne saurin yanke hukunci a ɗakin jego: "Nononta ya lalace, a ba shi madara." A Auyo, Guri ko Kirikasamma, inda ambaliyar 2022 ta haɗe rijiyoyi da masai, madarar gwangwani da aka dama da ruwan randa gudawa ce kai tsaye. Ga tsada, har uwa ta riƙa tsinka ta don gwangwanin ya kai ƙarshen wata, yaro na ramewa.

Don haka a sa jariri a nono tun sa'ar farko, ya sha dakashi, a riƙa ba shi dare da rana. Sikelin asibiti ne alƙali, tare da fitsari: bayan kwanakin farko, sau shida a yini alama ce ta ƙoshi. In bai isa ba, a ƙara da madarar jarirai bayan ya tsotsa. A tafasa ruwan, a bi ma'aunin da ke jikin gwangwani, a ba shi da ƙaramin kofi, domin bulumboti wuyar wanki gare shi. Kunu da nonon shanu su jira wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Akwai kuma hanyar da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta halatta: wata mace ta shayar da shi. Sai dai a yi mata gwajin ƙanjamau tukuna, kuma dangi su rubuta wa ta shayar da wa, saboda hukuncin aure gobe.