Layin dogon da ya ceci sojojin Birtaniya a Yaƙin Kirimiya

A lokacin hunturun 1854, sojojin Birtaniya da suka yi wa birnin Sebastofol ƙawanya sun fi mutuwa saboda yunwa da sanyi da cututtuka fiye da harsashin Rasha.

Abin takaicin shi ne, kayan abinci da na sawa na jibge a tashar jiragen ruwa ta Balaklaba, 'yan mil kaɗan daga sansaninsu. Sai dai ruwan sama ya mayar da hanyar taɓo, ga dawakan dako suna ta mutuwa.

Ganin haka, 'yan kwangila uku, Samuel Peto da Thomas Brassey da Edward Betts, suka yi tayin shimfiɗa layin dogo ba tare da cin riba ba. An fara aikin a watan Fabrairun 1855, kuma cikin mako bakwai aka kammala mil bakwai. A wasu wuraren dawakai ne ke jan taragun, a wajen hawa mai tsanani kuwa wani inji da aka kafe a sama ke jawo su da igiya.

Taragun sun riƙa hawa da abinci da albarusai, suna saukowa da marasa lafiya da waɗanda suka jikkata. A watan Satumban 1855 Sebastofol ta faɗi.